Idan Gem Ya Ginshi Mai Shi

Ranar Babbar Sallah da hantsi babu mai ƙin nama. Tun ba a gama fiɗa ba yara sun kewaye murhu suna jiran hanta, manya ma na zagayowa wai sun zo duba wuta. A ci kayan ciki a ranar. Washegari a sauko da wanda aka rataya ya tsane, a shiga suya tun safe har la'asar, a babbake kai da ƙafa, maƙwabta su aiko da nasu, kai ma ka aika musu. Kafin kwana huɗu, maigidan da ya yi wata biyu yana ɗawainiyar ragon nan da dusa da harawa, za a ajiye masa kwano shaƙe da soye ya kawar da kai, ya ce wa uwargida, "Don Allah yau a yi mana fate, a sa yakuwa da yawa." Naman lafiyarsa ƙalau, mai suyar ma ba ta yi laifi ba. Ginsa ce, kuma kowa a gidan ya san ba ta daɗewa. Babu mai cewa Malam ya rabu da nama ke nan.

Masu buga wasannin bidiyo da ake kira RPG su ma ginsa na kama su, sai dai ba kasafai suke gane ta ba. Wasanni ne da mutum ke shiga rigar wani jarumi, ya fara da 'yar sanda da tsumma a jiki, ya bi labari gari-gari, ya yi yaƙi, ƙarfinsa na ƙaruwa mataki-mataki, shi ke zaɓar abin da zai faɗa wa sarki da hukuncin da zai yi wa ɓarawo. Asalinsu a kan tebur ne, da takarda da fensir da ƙwayoyi irin na ludo: Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Daga baya kwamfuta ta karɓi lissafin, Japan kuma ta shigar da abin ɗakunan mutane da Dragon Quest a 1986 da Final Fantasy a 1987. A wajenmu ba su ne 'yan gaban goshi ba. Shagon gem na unguwa na ƙwallo ne da faɗa, a biya kuɗin wasa ɗaya, wanda aka ci ya miƙa wa na baya hannun gem. RPG ba ya zama a irin wannan wuri. Yana son na'urarka ta kanka, da wurin ajiye inda ka tsaya, da juriyar karanta Turanci shafi-shafi. Wanda ya taɓa yin awa guda yana fama da bos, wato babban abokin gaba a wasan, ya kayar da shi da ƙyar, wuta ta ɗauke kafin ya kai wurin ajiya, ya jira aka dawo da ita ya sake daga farko, ba za a kira shi maras haƙuri ba.

To irin wannan mutumin ne wata rana zai dawo daga aiki, ya kunna na'ura, ya tsaya yana kallon jerin wasanninsa. Ya shiga ɗaya, taswira ta buɗe masa da alamomi birjik, ya ji gabansa ya yi nauyi. Ya zagaya minti goma, ya kashe, ya ɗauki waya. Gobe haka, jibi haka. Sai ya fara neman dalili: "Ai girma ya zo." "Wasannin yanzu ba su kai na da ba." "Ni dai raina ya fita." Wani har ya sa na'urar a kasuwa.

A 1981 Barbara Rolls da abokan aikinta a Jami'ar Oxford ta Ingila suka auna abin da kowace uwargida ta riga ta sani. Aka ba mutane abinci iri ɗaya suka ci har suka ƙoshi, sannan aka sake ɗanɗana musu shi tare da wasu. Daɗin wanda suka ci ya faɗi ƙwarai a bakinsu, na sauran kuwa bai wani motsa ba. A wani gwajin, da aka ba mutane burodi mai haɗi iri huɗu, sun ci fiye da yadda suka ci na iri ɗaya da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wato harshe kan gaji da abu guda tun ciki bai cika ba. Haka mai gem ɗin nan, ya yi shekaru yana bin wasanni masu suna daban-daban amma ɗanɗano ɗaya: hau hasumiya ka buɗe taswira, share sansanin 'yan fashi, buɗe akwati, canza takobi mai lamba 40 da mai lamba 42.

Kuma a nama ba ko'ina ke ginsa ba. Tsoka kan daɗe ana ci. Kitse ne ke saurin rufe maƙoshi, kuma kitse shi ne abin da kasuwa ke biya. Mai sayen rago a kara girma yake dubawa, ya taɓa gadon baya, ya ɗaga jela, shi ya sa masu kiwo ke ɗura wa dabba har ta kasa tafiya. Haka kasuwar gem. Babban wasa ya daɗe a kan dala 60, daga 2020 aka fara kai shi 70, mai saye kuma tambayarsa ta farko ita ce awa nawa zai ci. Rubuta labari mai kyau na awa guda yana cin marubuta da masu murya da masu zane watanni. Watsa akwatuna ɗari a taswira kuwa aiki ne mai araha. Ba sai an yi duba ba kafin a san wanne kamfani zai yawaita.

Ɗauki The Witcher 3, wanda CD Projekt Red na ƙasar Folan ya fitar a 2015, wasan da ko maƙiyinsa ba zai ce ba a yi aiki ba. Jarumin wasan, Geralt, na neman Ciri, yarinyar da ya raina, sai hanya ta kai shi gun wani tsohon soja da ake kira Bloody Baron, mashayi, mai dukan matarsa, wanda matar da 'yarsa suka gudu suka bar shi. Shi ne kuma mutumin da ya karɓi Ciri da rauni a jikinta, ya ciyar da ita, ya ba ta makwanci. Za ka yi awoyi tare da shi ba ka yanke ko tsanarsa za ka yi ko tausayinsa ba, kuma ƙarshensa na rataye da wani zaɓi da ka yi can baya ba ka san nauyinsa ba. Wannan tsoka ce. A cikin wasan nan dai, idan ka isa tsibiran Skellige, za ka tarar teku cike da alamomin tambaya. Kowace ka tuƙa kwalekwale ka je, ka kori dodannin ruwa, ka yi nutso, ka ɗebo takubban da ba ka buƙata, kaya su yi maka nauyi, ka koma gari ka sayar wa maƙerin da kuɗinsa suka ƙare. Mutane da yawa a tekun nan wasan ya fita ransu, suka tafi suna cewa Witcher ya gundure su, alhali ba su ga ƙarshen labarin Ciri ba.

Skyrim na Bethesda, na 2011, ya ma wuce nan: yana da tsarin da ke ƙirƙiro aike da kansa, ya zaɓi kogo, ya zaɓi ɗan fashi, ya ce je ka kashe shi, kuma ba ya ƙarewa har abada. Wanda ya ƙudurta sai ya share jerin aikensa ya ɗauko abin da ba a gina shi don ya ƙare ba. Dragon Age: Inquisition na 2014 kuma ya jefa mai wasa tun farko cikin wani faffaɗan yanki mai suna Hinterlands, cike da ƙananan aike, har shawarar da tsofaffin hannu ke ba sabon shiga ta zama guda ɗaya: fita daga Hinterlands, labarin na gaba. Abin dariya, cikin aiken yankin har da farauto naman rago guda goma a kai wa 'yan gudun hijira. Kamfanonin ma sun ji ƙorafin. Ubisoft da ya yi Assassin's Creed Valhalla a 2020, wanda babban labarinsa kaɗai kan ci kusan awa sittin, shi ya dawo a 2023 da Mirage, a Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, wanda ake gamawa cikin awa ashirin ko ƙasa da haka.

Duk da haka kitse shi kaɗai ba ya ginsar wanda ke da ikon ture kwano. Abin da ke ƙarasa mutum shi ne cin dole, irin na gidan surukai ranar yawon Sallah, inda ka riga ka ci a gida uku amma ba dama ka ce ka ƙoshi. Xbox 360 ya zo a 2005 da tsarin lambobin yabo, PlayStation ya bi da kofuna a 2008, tun daga nan yawancin wasanni ke zuwa da takardar abin da ba ka yi ba tukuna. Wasannin intanet suka ɗora da aikin kullum. A Genshin Impact na kamfanin miHoYo na ƙasar Sin, wanda ya fito a 2020 kuma ake bugawa har a waya, akwai aike huɗu kowace rana, da wani ma'aunin ƙarfi da ke ƙaruwa ɗaya duk minti takwas. Idan ya cika ya tsaya, sai ka ji kamar asara kake yi duk lokacin da ba ka shiga ba. Ga bukukuwa masu wa'adi, wanda ya makara ya rasa. Mutum zai shiga da daddare idonsa na rufewa, data na zuba, ba don yana marmari ba, don kada ranar ta wuce masa.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da ganin wannan. A 1973 Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett suka sami yara 'yan nazare a Jami'ar Stanford masu son zane don kansu. Aka yi wa wasu alkawarin takardar yabo idan sun yi zane, wasu ba a ce musu komai ba. Da aka dawo bayan mako ɗaya zuwa biyu aka ajiye alƙaluman ba tare da wata kyauta ba, waɗanda aka yi wa alkawari sun yi kusan rabin lokacin da sauran suka yi suna zane. Lada ta mayar musu da wasa aiki, aiki kuwa ba a yin sa kyauta.

Hutu na taimakawa, wannan ba gardama. Masu yin World of Warcraft, na 2004, sun san da haka tun suna gwajinsa: suka sa wanda ya daɗe yana bugawa ladarsa ta ragu zuwa rabi. 'Yan gwaji suka yi ca. Sai kamfanin, Blizzard, ya juya lissafin, rabin nan ya zama shi ne daidai, wanda ya kwantar da jaruminsa a masauki ya tafi harkarsa kuma ya dawo ya tarar da ninki. Lissafi bai canza ba, kowa ya yi murna. Amma hutu kaɗai ba ya warkar da wanda zai dawo ya zauna gaban kwanon da ya bari, da irin cin da ya saba. Ka lura maigidanmu bai ce zai yi azumi ba. Yakuwa ya nema, abu mai tsami da zai wanke masa baki.

RPG ma na da masu tsami. Undertale, wanda Toby Fox ya yi kusan shi kaɗai a 2015, awa shida ne zuwa bakwai, kuma kana iya gama shi ba ka kashe kowa ba. Kowane dodo akwai yadda ake lallashinsa, wasan kuma na riƙe da abin da ka yi. Disco Elysium na 2019, daga marubutan ƙasar Istoniya, kusan babu faɗa a cikinsa. Ɗan sanda ne ya farka bai san ko sunansa ba, da gawa a rataye a bayan masaukinsa, da halayensa ashirin da huɗu suna gardama a cikin kansa, kowanne na ba shi shawara, wasu shawarwarin na banza ne. Idan ka gina shi rarrauna, yana iya mutuwa tun a ɗakin farko garin ciro laktayen wuyansa daga fankar sama. Wanda ya yi shekara goma yana ceton duniya da takobi, wannan kaɗai kan sa shi dariyar da ya manta ana yi a gaban allo. Akwai kuma tsofaffi irin Chrono Trigger na 1995, aikin Hironobu Sakaguchi da Yuji Horii da mai zane Akira Toriyama: awa ashirin da 'yan kai, ƙarshe fiye da goma, babu inda aka tsayar da kai kana tara tarkace. Wani kuma tsamin nasa ba a RPG yake ba sam, wata biyu na ƙwallo da abokai ko littafi ko fita filin unguwa. Duk ɗaya ne.

Sai babban abin da gidan layya ya fi mai gem sani: ba a cinye rago. Tun ranar yanka an san wani kaso na gida ne, wani na 'yan'uwa da maƙwabta, wani na mabuƙata, kuma babu maigidan da ke jin an cuce shi don cinya ta fita daga gidansa. Manyan wasannin nan an yi su ne don miliyoyin mutane masu baki daban-daban. Mai son kati an sa masa kati, mai son kamun kifi an sa masa kogi, mai son ƙera sulke an sa masa maƙera. Ba a taɓa nufin mutum ɗaya ya haɗiye duka ba. Dandalin Steam na nuna kason 'yan wasan da suka kai kowane mataki, kuma a Skyrim da The Witcher 3 waɗanda suka ga ƙarshen babban labari ba su kai rabi ba. Nintendo ma ya taɓa yi wa masu son share komai shaƙiyanci. A Zelda: Breath of the Wild na 2017, maƙwabcin RPG ne na kusa, an ɓoye ƙwayoyin iri 900, alhali 441 sun isa duk abin da ake saya da su. Wanda ya wahala ya tara duka, tukuicinsa wani ɗan tulin zinare ne mai siffar kashi, ba ya amfanin komai.

Don haka shiga saituna ka kashe alamomin tambayar nan, The Witcher 3 ya ba da damar haka. Abin da ka ci karo da shi a hanya ka tsaya, wanda ba ka gani ba rabon wani ne. Bos ya tsare ka kwana da kwanaki, rage wahalar wasan ka wuce, ba wanda ke ba da digiri a kai. Wasan da ya ba ka awa talatin masu daɗi sannan ya fara maimaita kansa, ajiye shi ba tare da jin kunya ba. Na san amsar da za a ba ni: "Da kuɗina na saya." Gaskiya ne, kuma idan aka juya dala 70 zuwa naira ba ƙaramin kuɗi ba ne. Amma wanda ya tilasta wa kansa ragowar kitse don ragon ya yi tsada, kuɗin ragon ba ya dawowa, sai dai ya ƙara da na magani.

Daɗin naman layya na gaskiya ma ba a makon Sallah yake ba. Yana cikin wanda aka soya ya bushe aka rufe a bokiti aka tura ƙarƙashin gado, uwargida na ɗebo tsoka biyu tana jefawa a miya, ko ta damƙa wa yaro ɗaya ya fita yana gatsa a hankali don kada ya ƙare. Wasu gidajen har jela suke ajiyewa sai daren cika-ciki a watan Muharram. Mai iyali da aiki ba shi da awa takwas ɗin da yake da su yana ɗalibi, kuma yawancin baƙin cikinsa daga nan yake: yana son ya ci irin cin da, lokaci bai ba shi ba. Awa guda bayan isha, aike ɗaya mai labari, a kashe tun ana so. Washegari yana kan hanyar aiki zai tsinci kansa yana tunanin me zai ce wa mayyar cikin wasan idan ya koma. Wannan tunanin shi ne abin da ya ɓace masa tun farko.

Kuma a ci da hannu, a bar auna kowace loma. Ɗabi'ar da ta fi kashe RPG a zamanin nan ita ce buɗe YouTube tun kafin a fara, a nemo ginin jarumi mafi ƙarfi da zaɓin da ke kai wa ga ƙarshe mafi kyau, sannan a zauna ana aiwatar da umarnin wani. An cire zaɓi daga wasan da zaɓi ne ransa. Baldur's Gate 3 na Larian, kamfanin ƙasar Beljiyam, wanda ya lashe kyautar gwarzon wasan shekara a 2023, yana jefa ƙwaya mai fuska ashirin a gabanka duk lokacin da za ka yi ƙarya ko ka buɗe kwaɗo ko ka lallashi mai gadi. Ƙwaya ta ƙi ka, labari ba ya tsayawa, wata hanya yake bi, sau da yawa ma ta fi ban sha'awa. Mai sake lodawa har sai ya ci kowace ƙwaya ya hana kansa rabin wasan. Gwada jarumi matsoraci, ko mai rowa, ko mai gaskiyar da ke jawo masa duka, ka tsaya a kan halinsa ko da zai yi asara. Elden Ring na 2022 ya bi ta wata hanyar: babu jerin aike ko kaɗan, wani ya faɗa maka magana a bakin hanya, ka riƙe ko ka manta.

Akwai inda kwatancen ke gargaɗi. Wanda nama ya ginsa yana cin fate da daɗi. Idan kuwa faten ma ba ya shiga, da kunu, da komai, uwargida ba ta cewa ginsa ce, asibiti take cewa a tafi. Mutumin da gem ya fita ransa, hira da abokai ta fita, ƙwallo ta fita, barci ya rikice, har mako biyu ko fiye, ba sabon wasa yake buƙata ba. Waɗannan na cikin alamun ciwon damuwa, kuma likita ake gani. Akwai kuma wanda bakinsa ne ya canza da gaske, ya huta, ya gwada masu tsami, ya ga dai hankalinsa ya koma wani wuri. Wannan ba ciwo ba ne, kuma ba bashi ake bin sa ba.

Ga wanda marmarin ya dawo masa, tarko ɗaya ya rage. Zai buɗe ajiyar da ya bari wata takwas, ya ga jaruminsa tsaye a wani gari, jaka cike da kwalabe, bai tuna wane maɓalli ke kare sara ba, bai tuna wa yake nema ba. Zuciya za ta ce a sake daga farko. Kada ya yarda, domin farkon shi ne ɓangaren da ya riga ya ci har ya ginshe shi. Wasu wasannin sun yi tanadi: Dragon Quest XI na karanto maka taƙaitaccen inda labari ya kwana duk lokacin da ka dawo, a The Witcher 3 kuma mawaƙi Dandelion ke tuna maka yayin da wasan ke lodi. Inda babu wannan, a fita bayan gari a yi rabin awa ana sara ƙananan kyarkeci har yatsu su tuna aikinsu, a karanta aike ɗaya tak daga jerin, a bi shi. Masu sakewa daga farko suna da yawa a Skyrim: sun hau keken fursunonin farkon wasan zuwa garin Helgen sau ba adadi, sun haddace kowace kalma da ake faɗa a hanya, har yau ba su kai ga yaƙin ƙarshe da babban dodon wasan, Alduin, ba.